Ina so in sayi kason 'yan'uwana a gidan gado, amma mun kasa daidaitawa

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu shekara 6 da suka wuce, ya bar gida ɗaya, da mahaifiyarmu, da mu 'ya'yansa biyar, maza biyu mata uku. Ba a raba gidan ba. Ni nake zaune a ciki da iyalina tare da mahaifiyarmu, kuma ni na sake rufinsa na gyara bangon da ya tsage da kuɗina. Yanzu Allah ya hore mini, ina so in biya kowa kasonsa gidan ya zama nawa. Na yi musu tayi bisa farashin da aka yi wa gidan shekara guda bayan rasuwar, amma yayana ya ce na raina musu hankali, wai akwai wani bare da ya taya fiye da haka. Ɗaya daga cikin ƙannena ta ce ba za ta sayar da gidan ubanta ba ko nawa ne. Wata ƙanwar kuma ta rasu bara, ta bar miji da ƙananan yara biyu, mace da namiji. Shin ina da ikon tilasta musu su sayar mini? Shin yayana zai iya sayar wa bare ba da yardata ba? Kuma yaya batun kuɗin da na kashe? Maganar ta kai har mun daina gaisawa da yayana."

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku da ƙanwarku, ya gyara tsakaninku. Tambayoyinka uku ne: ko za ka iya tilasta wa 'yan'uwanka su sayar maka, ko yayanka zai iya shigo da bare cikin gidan, da kuma makomar kuɗin gyaran da ka yi. Zan amsa su bisa hukuncin gado a Musulunci, musamman mazhabar Malikiyya, da abin da aikin sasanta magada ya koya mini. Sai dai akwai tambaya ta huɗu da ba ka yi ba, wadda a ganina ita ce tushen rigimar taku, wato wane ne ya kamata ya yanke farashin gidan. A kanta zan fi tsayawa.

Wane ne yake da me a gidan

Daga lokacin da mutum ya rasu, bayan an fitar da kuɗin jana'izarsa, an biya bashin da ake binsa, an zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba, abin da ya rage ya zama mallakar magada, ko an zauna an raba ko ba a raba ba. Gidan da ba a raba ba, kowane magaji yana da kaso a kowane ɗaki da kowane bango nasa. Zaman da ka yi a ciki bai ƙara maka mallaka ba, kamar yadda zaman ƙannenka a gidajen mazajensu bai rage musu komai ba.

Idan mahaifinku bai bar wata matar ba, kuma iyayensa sun riga shi rasuwa, lissafinku mai sauƙi ne bisa aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i. Za a kasa gidan kashi 8. Mahaifiyarku tana da tumuni, wato kashi 1. Kashi 7 da suka rage na 'ya'ya ne, namiji yana da rabon mata biyu, saboda haka kai kana da 2, yayanka yana da 2, kowace daga cikin mata ukun tana da 1. Ke nan abin da kake neman saya kashi 6 ne cikin 8.

Rasuwar ƙanwarku ta ƙara wani mataki, wanda malaman fara'ila, wato ilimin rabon gado, suke kira munasakha. Tun da ta rasu bayan mahaifinku, kasonta ya riga ya tabbata, kuma yanzu ya koma ga nata magadan: mijinta yana da rubu'insa, wato ɗaya bisa huɗu, mahaifiyarku tana da sudusinsa, wato ɗaya bisa shida, sauran na yaranta biyu ne, namiji ya ninka mace. Ku 'yan'uwanta ba ku da komai a ciki, domin ɗanta namiji ya kange ku. Wannan shi ne wurin da iyalai da yawa suke tuntuɓe, sai su ci gaba da magana kamar gidan na 'yan ɗaki ɗaya ne kawai, alhali suruki ya zama abokin tarayya na halal, kuma cinikin da aka ƙulla ba da shi ba ana iya warware shi. Kafin a ambaci kuɗi, a rubuta sunan kowane mai haƙƙi da kasonsa, kowa ya gani, don kada wani ya yi cinikin biri a sama.

Abin da kake son yi halal ne, kuma yana da suna a fiƙihu: takharuji, wato magaji ya fita daga gado a kan wani abu sananne da za a ba shi. Malamai suna kafa hujja da abin da ya faru a zamanin Sayyidina Usman, lokacin da magadan Abdurrahman bin Auf suka sasanta da matarsa Tumadir, suka biya ta kuɗi a madadin kasonta daga cikin tumuni. Sharaɗinsa shi ne mai fita ya san abin da yake bari, kuma ya yarda da abin da yake karɓa.

Batun tilastawa da shigowar bare

Ba ka da ikon tilasta wa kowa ya sayar maka da kasonsa a farashin da ka zaɓa. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta gindaya yarda a matsayin sharaɗin ciniki, kuma 'yan'uwantaka ba ta ɗauke wannan sharaɗin. Amma akwai wata ƙa'ida da take tafiya tare da wannan, ita ce ba a tilasta wa mutum ya dawwama cikin tarayyar da ba ya so. Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo hukuncin a Risala: gida ko filin da zai rabu ba tare da cutarwa ba, raba shi ake yi, wanda kuwa ba zai rabu ba sai da cutarwa, to duk wanda ya nemi a sayar daga cikin masu tarayya, za a tilasta wa wanda ya ƙi. Gida guda na zama, mai ƙofa ɗaya da tsakar gida ɗaya, da wuya ya rabu kashi 8 kowane kashi ya amfanu.

Wannan hukunci ya shafi kowa a cikinku. Ƙanwarku da ta ce ba za a sayar ba, ba za ta iya riƙe sauran magada har abada ba idan suna buƙatar haƙƙinsu. Kai kuma, idan maganar ta je gaban alƙali, abin da za a yi shi ne a sa gidan a kasuwa, a ga inda farashinsa ya tsaya, sannan a ba mai so daga cikin magada damar ɗauka a wannan farashin. Ka lura da inda hanyar ta ɓulla: bayan shekarun shari'a da kuɗin lauya da ɓacin zumunci, farashin kasuwa na ranar za ka biya. Tun da can za a ƙare, hankali ya nuna a fara daga can.

Game da yayanka, ba shi da ikon sayar da gidan gaba ɗaya, domin kashi 2 kawai ya mallaka, kuma duk cinikin da ya ƙulla a kan kason wasu bai zartu ba sai sun amince. Kasonsa kuwa yana iya sayar wa wanda ya ga dama, sai dai shari'a ta ba ku haƙƙin shufu'a, wato ku karɓe kason daga hannun baren a kan kuɗin da ya biya, ba ƙari ba ragi. Asalinsa hadisin Jabir ne a Sahihul Bukhari, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta shufu'a a cikin duk abin da ba a raba ba, idan kuwa an sa iyakoki an fitar da hanyoyi, to babu shufu'a. A Malikiyya haƙƙin na abokin tarayya ne, maƙwabci ba shi da shi, kuma idan masu nema sun fi ɗaya ana raba musu gwargwadon kasonsu. Wanda yake gari, ya san da cinikin, ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, saboda haka idan hakan ta faru kada ka yi jinkirin bayyana buƙatarka a gaban shaidu.

Tayin baren da ake magana a kai ma yana buƙatar tantancewa. Tayin baki ba shi da tsada, kuma na sha ganin an kawo wanda ba shi da niyyar saye don kawai a ɗaga farashi, abin da hadisi ya hana da sunan najashi. Ban ce yayanka ya yi haka ba. Abin da nake ba da shawara shi ne a nemi mai tayin ya rubuta tayinsa, ya nuna a shirye yake ya ba da kafin alƙalami. Idan ya yi, tayinsa hujja ce mai ƙarfi kan darajar gidan, kuma dole ka ɗauke shi da muhimmanci.

Farashi, inda rigimar take

A nan zan gaya maka abin da mai yiwuwa ba zai yi maka daɗi ba: a kan babban batun, yayanka ya fi ka gaskiya. Farashin da aka yi wa gidan shekara 5 da suka wuce ba shi ne farashinsa na yau ba. Duk tsawon wannan lokaci 'yan'uwanka masu gidan ne tare da kai, don haka duk abin da darajarsa ta ƙaru, ko saboda bunƙasar unguwa ko saboda faɗuwar darajar kuɗi, nasu ne gwargwadon kasonsu. Da darajar ta ragu, ai da farashin yau za ka nema, kuma da ka yi daidai. Ana kimanta gida ne a ranar ciniki, ba a ranar rasuwa ba.

Na yarda ba da nufin cuta ka yi tayin ba, amma ka dubi yadda abin yake a idonsu. Kai ne mai saye, kai ne mazaunin gidan, wataƙila takardun ma a hannunka suke, sannan kai ne ka zo da farashi. Ko da farashin ya yi daidai, zuciya ba za ta natsu da shi ba, domin duk abin da ya ragu daga kasonsu aljihunka zai koma. A yawancin rigingimun da na zauna a kansu, tazarar da take tsakanin tayin mai saye da abin da masu sayarwa suke nema ba ta kai girman gabar da ta haifar ba. Abin da yake cin mutane shi ne zaton cewa ɗan'uwansu ya yi amfani da rashin saninsu ko talaucinsu. Maganin wannan zato guda ɗaya ne, shi ne ka cire hannunka gaba ɗaya daga yanke farashi.

Hanyar da na fi ganin tana aiki ita ce a rubuta yarjejeniya tun kafin a ji wani adadi. Kai ka kawo masanin kimanta gidaje guda, sauran magada su kawo nasu, kowanne ya yi aikinsa ba tare da ganin na ɗayan ba, a amince tun farko cewa za a ɗauki tsaka-tsakin abin da suka kawo, idan kuma tazarar ta wuce wani ma'auni da kuka sa, misali kashi 10 cikin 100, su biyun su zaɓi na uku. A biya ladansu gwargwadon kason kowa, don kada a ce wanda ya biya shi aka yi wa aiki. Masani na gari zai dubi farashin da aka sayar da gidaje makamantan naku a kusa kuma kwanan nan, da kuɗin hayar da gidan zai iya kawowa, da darajar filin shi kaɗai a gefe guda da ta ginin a gefe guda, da ingancin takardun mallaka, ya rubuta dalilansa. Dillalai sun san kasuwa ƙwarai, kuma jin ta bakinsu yana da amfani, amma wanda yake sa ran la'ada a cinikin ba shi ne ya dace ya zama alƙalin farashi ba. Akwai ragi ɗaya da za ka iya nema da hujja: da an sayar wa bare, da an fitar da la'ada da sauran kuɗin ciniki daga kuɗin gidan, don haka ba laifi a raba wannan rangwamen tsakaninku, muddin an faɗe shi a fili.

Kuɗin gyaran da ka yi yana da matsayi, amma ba kowane gyara ne ɗaya ba. Sake rufi da gyaran bangon da ya tsage aiki ne na ceton gida, wanda kowa ya amfana da shi, kuma idan ka yi da saninsu, ba da niyyar kyauta ba, kana da hujjar neman kowa ya ɗauki nauyin kasonsa. Abin da ka ƙara don jin daɗin iyalinka ba tare da ka tambayi kowa ba, wannan da wuya a ɗora musu shi. Ka tattara rasit da shaidar maginan da suka yi aikin. Ka kuma shirya jin amsar da kusan kullum take biyo bayan wannan buƙata: cewa ka zauna shekara 6 a gidan da kashi 2 kawai ka mallaka, ba ka biya kowa haya ba. Malamai suna da bayani mai tsawo kan ko ana bin abokin tarayya haya idan ba a nema tun farko ba, kuma kai ma za ka iya cewa zamanka ne ya hana gidan lalacewa, kuma kai kake kula da mahaifiyarku. Amma idan aka buɗe wannan littafin lissafi, shafukansa ba sa ƙarewa. Abin da na ga ya fi raba gardama shi ne a ware babban gyaran da yake da shaida a cire shi daga farashin, sauran ƙananan kashe-kashe kuma a bar su a madadin zaman da aka yi. Ɗawainiyar uwa kuwa ina roƙonka kada ka sa ta a ma'aunin ciniki ko kaɗan, domin ranar da aka sa mata farashi ita ce ranar da maganar take fita daga hannun masu sulhu.

Mahaifiya, ƙanwar da ta ƙi, da yaran marigayiya

Ƙanwarka da ta ce ko nawa ne ba za ta sayar ba, da alama ba kuɗi take magana a kai ba. Sau da yawa abin da mace take tsoro shi ne ranar da za ta zo gidan ubanta a matsayin baƙuwa, ko kuma ta rasa wurin komawa idan zaman aure ya ƙi. Wannan tsoro ne na gaskiya, bai kamata a kira shi taurin kai ba. Ba dole ne ka mallaki kashi 8 duka a rana ɗaya ba. Kana iya sayen kason waɗanda suke so, ita ta ci gaba da riƙe kashi 1 nata, a rubuta yadda za a riƙa biyan ta hayar kasonta ko a ware mata ɗaki, da yadda za a yi gyara, da cewa duk ranar da ta so sayarwa kai za ta fara yi wa tayi a farashin lokacin. Haka nan ɗayar ƙanwar da ba ka ambaci ra'ayinta ba, a ji ta bakinta ita kaɗai, ba a gaban yayyenta ba, domin shirun kunya ba yarda ba ne, kuma hadisi ya nuna dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Mahaifiyarku kuwa, abin da ya fi muhimmanci shi ne kada cinikin ya mayar da ita mai zaman alfarma. Ko dai ta riƙe kasonta, ko kuma idan ta zaɓi sayarwa ka rubuta mata, a takarda dabam da ta cinikin, haƙƙin zama a gidan tsawon rayuwarta, abin da ake kira umra a fiƙihu. Wannan yana kwantar da hankalin 'yan'uwa fiye da yadda ake zato, domin wani ɓangare na ƙin sayarwar damuwa ce kan makomar uwa.

Kason yaran marigayiya shi ne mafi hatsari a cinikin nan. Mahaifinsu ne waliyyinsu, amma ikonsa a kan dukiyarsu yana tafiya ne da maslaharsu, ba shi da damar yafe wani abu daga haƙƙinsu ko yi maka rangwame don zumunci, ko da zai iya yin hakan a nasa rubu'in. A sayi kasonsu a cikakken farashi, a nemi amincewar alƙali a rubuce, a kuma ajiye musu kuɗin a inda za a iya nuna shi. Yaran nan za su girma su tambaya, kuma rigimar gado da ta fi wuyar kashewa ita ce wadda ta taso bayan shekara 20, lokacin da shaidu suka ƙare.

Yadda za a biya

Biya gaba ɗaya a lokaci guda shi ne mafi aminci. Idan ba za ka iya ba, ka sani cewa da zarar an ƙulla ciniki a kan farashi, abin da ya rage ya zama bashi, kuma ba ya halatta a ƙara masa wani abu saboda jinkiri, domin wannan riba ce. Mafi yawan malamai sun halatta a yanke farashi mafi tsada tun farko saboda biyan na ajali ne, muddin an tsayar da adadi ɗaya da ranakun biya a zaman ciniki. Hanyar da na fi so ga wanda kuɗinsa bai cika ba ita ce ya sayi kaso bayan kaso: ya biya wanda ya fi matsuwa cikakken kuɗinsa yanzu, sauran su ci gaba da zama masu gida har ya samu hali, sannan ya saya a farashin wannan lokacin. Ta haka babu wanda faɗuwar darajar kuɗi za ta cinye wa gado yana jiran biya. Kowace hanya aka bi, a rubuta kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta, kowane mai sayarwa ya sa hannu da kansa ko ta wakili mai takardar wakilci, a gaban shaidun da ba su da kaso a gidan, kuma kada a sauya suna a takardar mallaka sai an gama biya ko an ba da jingina.

Amsata tana da iyaka da ya kamata ka sani. Bakinka kaɗai na ji, ban ga takardun gidan ba, kuma abubuwa kaɗan suna iya sauya lissafin gaba ɗaya: bashin da ba a biya ba, wata mata ko wani ɗa da ba a ambata ba, ko iƙirarin cewa marigayi ya yi wa wani kyautar wani sashe, wanda a Malikiyya ba ya tabbata sai an karɓi abin a hannu tun mai kyautar yana raye da lafiyarsa. Dokokin rajistar filaye da harajin sauya mallaka, da kuma kotun da take da hurumin sauraron shari'ar gado, sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka kafin kuɗi su fita daga hannunka ka kai takardun ga lauya ko alƙali a inda gidan yake. Kafin nan, ka nemi wani babba a dangi wanda yayanka yake jin nauyinsa, ku je tare ka gaishe shi, ka shaida masa cewa ka janye tsohon tayin, kuma ka amince shi ya fara zaɓar wanda zai kimanta gidan.